Safar Hannun Malam Ilu

Tun da asibiti ya daina ganin masu amosanin gaɓɓai ido da ido, safar hannu mai magana ake ba su, ita ke sa su motsa jiki a gida.

Kwana tara da rasuwar mahaifinta Malam Ilu, Ladidi ta tarar da mahaifiyarta sanye da safarsa, tana dunƙule yatsu tana buɗewa.

"Inna, ki bari a mayar musu. Wani mara lafiya na can yana jira."

"Na sani."

Sai safar ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Ilu. Yau yatsunka sun saki."

Inna ta goge ido da gefen mayafi. "Shekara arba'in bakina bai taɓa kama sunansa ba, Ladidi. Ki bar min mai kiransa."