Haddar Da Ta Zube A Filin Wasa

Ranar wasan ƙarshe, Yakuba ya tashi tun da asuba. Shekara da shekaru yana koyar da ƙwallon Amurka a Alƙahira, wasan nan da ake rungume ƙwallo a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Yana ɗalibi ya faɗa cikinsa. Ya buga wa jami'arsu, ya zama kocinta, har Misirawa suka manta sunansa, sai dai Kaftin. Burinsa ɗaya ya rage, ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. Ga wakilinta can zaune a rumfa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana kallo.

Duk ƙarfin ƙungiyar yana ƙafafun Ja'afar, ƙanen matarsa Rahamatu. Karatu ne ya kawo yaron daga Gusau. Mahaddaci ne, shi ke jan salla a wani ɗan masallaci a unguwar Hay el-Sabi', kuma idan ya ɗaga murya sai ka ji kamar ana zuba maka ruwan sanyi a zuciya. Yakuba ne ya ja shi fili, bayan ya rantse wa Rahamatu cewa ko ƙwarzane ba zai yi ba.

Dab da hutun rabin lokaci wani ƙato ya yi karo da Ja'afar, kai da kai. Ƙarar hulunan har rumfa. Ya faɗi, ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi wajen abokan hamayya, sai da aka juyo da shi.

Dakta Eman, likitar ƙungiyar, ta haska idonsa ta ce, "Ja'afar, a ina muke?"

Ya yi wata irin dariya. "A fili mana... wane fili ne ma?"

Ta juya ga Yakuba. "Khalas, shi ke nan, Kaftin. Ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Yau ba zai koma ba."

Yakuba ya dubi rumfa, ya dubi allon maki. To, yana da wani gwaji da ya ƙirƙiro wa yaransa 'yan ƙasarsu, yana ma alfahari da shi. Duk wanda ya bugu a ka, sai ya sa shi karanta gajeriyar sura. In ya kai ƙarshe, lafiyarsa ƙalau.

Ya riƙe kafaɗun Ja'afar. "Malam, ja mini sura."

Ja'afar ya ja, tiryan-tiryan, ko harafi bai ci ba.

"Kin ji ko, Dakta? Wanda kansa ya taɓu zai yi wannan?"

"Kaftin, mahaddaci ko cikin barci zai karanta. Ba wannan nake tambaya ba."

"Ma'alish, yi haƙuri, ke ba ki san yaranmu ba. Mu da ƙwarin kai aka haife mu."

Ja'afar ya ce a hankali, "Yaya, hasken nan yana sukar idona."

"Rana ce kawai. Yalla, maza, zaki, ka gama mana aiki!" Ya daki hularsa, ya tura shi.

Karo na biyu ko ƙarfi ba shi da shi. Kafaɗa ce kawai ta goge shi. Amma Ja'afar ya zube kamar an zare masa laka, amai ya biyo ta ƙarfen hular, hannuwansa suka sandare sama. Dakta Eman ta ruga cikin fili.

A motar asibiti, cikin cunkoson Alƙahira, jiniya na kuka amma babu hanya. Yakuba na riƙe da hannun da ba ya riƙe shi. Numfashin yaron na fita da gurnani, yana ɗaukewa, yana dawowa, duk ɗaukewar sai ran Yakuba ya bi shi. Sai ga wayar Rahamatu daga gidansu a unguwar Ainu Shams.

"Abban Fatu, kun ci? Na yi wa autanmu miyar kuka, kar ka bari ya tsaya surutu."

Ya ce, "Rahamatu, ki same mu a asibiti."

Likitoci suka ce jini ya taru a kansa. Bugun farko ne ya yi ɓarnar, na biyu ya ƙarasa. Da ya huta, da ya warke. Aka fasa ƙoƙon kan, aka ceto ransa.

Bayan makonni, wata safiya, Ja'afar ya zauna a gadon asibiti, rabin fuskarsa a saki. Ya gane yayarsa, ya gane Yakuba, har ya yi ɗan murmushi.

"Yaya... in ja maka sura?"

Ya fara. Ita ce dai surar ranar nan, wadda kowane yaro ke koya a cinyar uwarsa. Aya ta farko ta fita da ƙyar. A ta biyu ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Idanunsa suka shiga yawo a ɗakin kamar wanda ya shiga gidansu ya tarar an kwashe komai.

"Yaya, mene ne gaba?"

Rahamatu ta toshe baki da mayafi. Ta dubi mijinta ta ce, "Faɗa masa mana, Kaftin. Ai kai ne mai gwaji."

Saƙon ƙungiyar ƙwararru ya iso a makon, suna son sa. Yakuba bai amsa ba. Yanzu ko yara ya ji sun yi karo a lungu, sai ya ruga ya duba kawunansu. Kullum da safe yana bakin gadon Ja'afar, yana biya masa aya ɗaya, gobe kuma su sake ta.

'Yan'uwa masu horarwa, iyaye da malamai, bugun kai ba abin gwajin jarumta ba ne, kuma baki na iya karatu alhali ƙwaƙwalwa na zubar da jini. Idan likita ya ce a zauna, a zauna. Kofi ana sake buga shi baɗi, amma kan ɗan mutum guda ɗaya ne, kuma amana ne a hannunka.