Asusun da Babu Shi

Mai POS ya sake danna lambar, ya girgiza kai. "Hajiya, wannan asusun babu shi."

Kwana tara ke nan da sace yayanta a hanyar Kuta. Da safe masu garkuwar suka ba shi minti ɗaya ya faɗi inda ajiyarsa take. Sau biyu ya karanto mata lambar asusun ta waya: 4261666661. "Ki bi ta bibbiyu, yadda na koya miki."

Baffansu, wanda ke shiga tsakani da mutanen dajin, ya leƙo daga mota. "Ke, yi sauri mana. Mutanen nan ba su da haƙuri."

Sai yanzu ta gane: ba lambar asusu ba ce, saƙo ne. Yayanta marubucin manhaja ne, shi ya nuna mata yadda ake mayar da kowane harafi lambar heksa, wato lambobi bibbiyu na kwamfuta. Ta buɗe jadawalin lambobin a wayarta. 42 ya ba ta B, 61 ya ba ta a, 66 f, na gaba ma f.

Baffa ya fito, ya miƙo hannu. "Kawo wayar in gani."

Saura harafi ɗaya, ba ta duba ba. Ta kashe wayar.

"Caji ya ƙare, Baffa."