Zuciyar Inna Tsahare da Jirgin Makka

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba mai hawa jirgin Makka sai na'urar sikanin ta wanke zuciyarsa. Inna Tsahare mai daddawa ta kwanta, aka goga mata abin a ƙirji, daidai inda aka gasa mata ciwon daji bara.

"Inna, akwai tabo," in ji ma'aikaciyar. "Gashin da ya warkar da ke ya taɓa zuciyar. Bana ba tafiya."

"Ku kuka ƙona ta! Kirawo mini likitan, ya dubi tsabar idona."

"Ai ba likita, Inna. Na'ura ta gasa, na'ura ta gano."

Inna ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin zane. "To, 'yar nan, ke dai kina da kunne. Jawo kujera."