Tambulan na Biyar

Mahaifina ya sake tofarwa cikin bokiti. Tambulan na huɗu ke nan.

"Haba Appa! Haɗiyewa ake yi. Ɗacin baƙar giya a maƙogwaro ake jin sa."

"Shekara arba'in ina ɗanɗana gahawa, ban taɓa haɗiye ko cokali ɗaya ba," ya ce. "Kai za ka koya min aiki?"

Na cije leɓe. Tambulan biyar na giya na jera masa a ɗan shagona na birnin Bangalore. Huɗu na mashahuran masu dafa giya ne, ɗaya nawa, kuma ban nuna masa wanne ba. Shi ya kafa sharaɗin: in bai zaɓi tawa ba, in rufe shago in bi shi gonarmu ta gahawa.

Ga shi da cokali yake zuƙa kamar mai shan miya, ya kurkure baki, ya tofar. Ta farko wai ƙonannen burodi ce. Ta biyu ruwan wanke tukunya. Ta uku da ta huɗu tsaki kawai suka samu.

Ya ɗebi ta biyar. Na jira ƙarar bokiti, shiru. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ya ajiye cokalin a hankali.

"Gahawar da aka zuba wa wannan giyar ta gangaren bayan gidanmu ce. Wata shida ina tsine wa birai kan satar min gahawa, ashe ni na haifi ɓarawon." Ya turo min tambulan. "Cika shi."