Maficin Kaka da Mutumin Japan

Wata la'asar a unguwarmu Karantina, can ƙasar Larabawa, ina ƙarama, aka nuna wani mutumin Japan a talabijin, durƙushe kan matashi, daga shi sai mafici. Ya juya dama ya zama miji, ya juya hagu ya zama mata, Turawa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Haka kakata ke ba mu labari da maficinta na kaba, har Baba ya hana. Wai Hausa na ɓata mana Larabci.

Kaka ta nuna talabijin da maficin. "Da wane yare yake yi?"

Baba ya ce, "Nasu, Inna. Fassara ake musu."

"Bai yar da yarensa ba, Turawa suka biyo shi? Halas, magana ta ƙare! Ke, rage muryar nan."

Na rage. Ta gyara zama, ta ara wa mutumin baki da Hausa: miji ya cinye naman baƙi, yana ɗora wa kyanwa. Baba ya cije leɓe, dariya ta ƙwace masa.

An rushe Karantina, amma maficin yana hannuna. Da Hausa nake ba 'ya'yana labari, ko a bakin tekun Abhur ne cikin Larabawa, kuma ba na rage murya.