Kuskuren Minti na Uku

Zuwa na goma sha ɗaya ke nan da Baba Ishiyaku ya yi shagon Tahir don kallon fim ɗin nan mai minti shida, kuma ko murmushi bai taɓa yi ba. Fim ne na barkwanci da Tahir ya ɗauka a kasuwar shanu ta Mubi, wata biyu kafin 'yan Boko Haram su shigo garin. Duk wanda ya gani sai ya riƙe ciki don dariya. Shi kuwa tsohon sai ya ƙura wa allo ido, in an gama ya tashi ya tafi.

Abin ya tsaya wa Tahir a rai. Ya zauna ya gyara fim ɗin, ya daidaita sauti, ya yanke minti na uku, inda wata mai tallan gyaɗa ta gifta ta ɓata masa aiki. Na farkon kuma ya goge shi.

Washegari tsohon ya kalla har ƙarshe.

"Ɗana, wannan ba shi ba ne."

"Shi ne, Baba. Kuskure kawai na cire."

"Matar da ke wucewa da faranti fa?"

"Ai ita ce kuskuren."

Ishiyaku ya laluba sandarsa, ya miƙe a hankali.

"Susanna ce, matata. A hanyar gudu ta rasu, hotunanta kuma sun ƙone tare da gidan." Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. "A nan kaɗai nake ganinta tana tafiya."