Yashin da Bai Kai Ciki Ba

Tunda ka ce aikin da ido ba ya gani ba a tambayarsa, gyara zama in ba ka misali. An yi wani direban tifa da ya shekara ashirin yana ɗebo yashi, har yana taƙama cewa ko an rufe masa ido, in ya damƙa zai faɗi rafin da aka ɗebo shi. Yana da 'ya doguwa da aka ɗauka a ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu, sai ya sayo mata sandar wasan ta gwanjo, irin mai taya da ake turawa: dogon ƙarfe, a samansa allo da zobe, a ƙasansa faffaɗan tanki na roba mai ɗan baki kamar na jarka. Mai sayarwa ya ja masa kunne cewa tankin nan shi ne ran abin. A shanya yashi ya bushe ƙayau, a tankaɗe, a ɗura da mazurari har ya cika, in ba haka ba allon zai rinjayi gindin. Direba ya kwashe da dariya, wai yau shi za a koya wa yashi.

Damina ce, yashin da ya zo da shi sharkaf yake. Shi kuwa a sana'arsa ya san jiƙaƙƙe ya fi busasshe danne mota, sai ya ce gaba ta kai shi. Abin da gwanin ya manta, bakin tanki ba bayan tifa ba ne. Ya yi ta cusawa da kara, gumi na ɗiga, da ƙyar ya shigar da kwano uku, sai yashin ya cure a wuya ya toshe. Ya sani sarai ciki wayam yake. Amma rana ta take, baya ya ƙage, ga kunyar maƙwabta su leƙo su ga sarkin yashi yana shanya a tabarma kamar mai garin tuwo. Ya danna babban yatsa a bakin, ya shafe, ya murɗa marfi. Da matarsa ta tambaya ko ya cika, ya ce, "Maƙil. Ko raƙumi ya jingina ba zai motsa ba." A kan wannan magana ta mayar da tabarmar mahaifiyarsa gindin sandar, don nan inuwar katanga take sauka da la'asar. Tsohuwa ce da ƙafa ta daina ɗauka, inda aka zaunar da ita nan take sai an zo an ɗaga ta. Kullum ya dawo ya tarar da ita ƙarƙashin allon tana ɓarar gyaɗa, sai ya ce a ransa gobe zai gyara. Gobe kuwa ba ta ƙarewa.

Ran nan yana sa ƙafa a tsakar gida, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iskar da kan riga ruwa zuwa ta fara kaɗa kwanon rufi. Yarinyar na makaranta, matar na can tana rige-rige da iska wajen kwashe shanya, tsohuwa na zaune inda ta saba. Ya ɗaga kai ya ga allon yana rawa. Ya sauke ido ya ga bayan tankin ya ɗaga daga ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, ya koma, ya sake ɗagawa. Duk gidan shi kaɗai ya san abin da hakan yake nufi. Ya ruga ya kifa ƙirjinsa a kan tankin, ya ce wa matar ta ɗauke Inna daga nan. Ita ta zaci ruwa yake ji wa tsohuwa, ta ce bari ta ƙarasa da kayan, ai bai sauko ba tukuna. Iska ta sake bugo allon, ya ji tankin yana tashi da shi baki ɗaya, tayoyin na gurzar ƙasa, ƙarfen na sunkuyawa kan farin kan uwarsa. Nan girman kai ya ƙare. Ya ce, "Babu yashi a ciki, ƙarya na yi miki, ja ta!"

Ta watsar da kayan, ta kama bakin tabarma ta fizgo ta da tsohuwar a kai. Ba su yi taku uku ba allon ya sauko ya ragargaza ƙwaryar gyaɗar, gindin ƙarfen ya danne masa hannu ya karya. Tankin ya miƙe tsaye, marfin ya fice, ɗan curin yashin da ya toshe wuya ya faɗo tim a gaban kowa. Tsohuwa ta dubi ƙwaryarta, ta dubi curin, ta dubi ɗanta yana murƙususu, ta ce, "Wannan ne raƙumin zai jingina da shi?" Wata biyu hannu na ɗaure bai taɓa sitiyari ba. Ƙashi dai ya haɗe, amma har yau in ya ce abu ya cika, sai matarsa ta tashi ta je ta girgiza da hannunta. Shi ya sa masu iya magana suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.